Rabon Nauyi Tsakanin Saiwa da Rassa a Gajerun Itatuwan Tudun Tibet: Sanyi ko Girman Jiki?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda gajerun itatuwan da ke tsiro a saman iyakar daji, musamman a Tudun Tibet da tsaunukan Himalaya, suke raba abin da suka tara tsakanin saiwa da rassa. Matsayar maƙalar ita ce ba a jingina yawan saiwa ga sanyi kaɗai sai an fara ware tasirin girman itacen, an kuma bambance siraran saiwoyi da kututturen da ƙasa ta binne.

Gabatarwa

Matsakaicin tsayin Tudun Tibet ya haura mita 4,000 daga doron teku, kuma duk hawan mita 100 zafi yakan ragu da kusan digiri 0.6 a ma'aunin Salshiyas. Körner da Paulsen sun nuna a 2004 cewa dogayen itatuwa a duniya suna tsayawa ne inda matsakaicin ɗumin ƙasa a lokacin tsiro yake kusan digiri 6.7. Daga nan zuwa sama gajeru ne ke riƙe da fili. Jinsin Rhododendron ya fi son gangaren inuwa mai danshi, Juniperus yana bin gangaren rana, Salix da Dasiphora fruticosa kuwa suna cikin kwari da makiyayar shanun yak. Lissafin kabon na waɗannan wurare yawanci daga sama ake faro shi: a auna rassa, a ninka da wani adadi, a ce ga nauyin saiwa. Idan adadin ya karkace, duk lissafin ya bi shi.

Ra'ayoyi biyu

Ra'ayi na farko ya samo asali daga aikin Brouwer a shekarun 1960, Bloom da Chapin da Mooney suka faɗaɗa shi a 1985. Tsiro, a cewarsu, yakan ƙara wa sashen da ke nemo abin da ya fi ƙaranci. A kan tsauni haske ba ya yankewa, amma ƙasa mai sanyi tana jinkirta ruɓewar ganye, naitirojin ya yi wuyar samu, saiwa kuma kusan ba ta miƙewa idan ɗumi ya gaza digiri 5. Bisa wannan, sai a sa ran kason saiwa ya ƙaru da hawa.

Enquist da Niklas a 2002 suka zo da wata hujja: nauyin saiwa da na kara suna ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa, na ganye kuwa yana bin su a baya yayin da tsiro ke girma. Ke nan babban ɓangare na bambancin da ake gani tsakanin tsirrai daga girmansu yake fitowa. Binciken Yang da abokan aikinsa na 2009 a ciyayin Tibet ya sami nauyin ƙarƙashin ƙasa ya ninka na sama kusan sau 5.8, duk da haka dangantakar sassan biyu ta dace da wannan ra'ayi na biyu.

Tattaunawa

Gajeren itace ba ciyawa ba ne, kuma a nan matsalar take. Ciyawa takan zubar da abin da ke sama kowace shekara, shi kuwa itace tara shi yake yi shekara bayan shekara. Tun da itatuwan saman tsauni sun fi na gindinsa gajarta, mai bincike zai iya ganin kason saiwa ya hau, ya ɗora wa sanyi, alhali ƙanƙantar jiki ce ya auna. Aikin Körner da Renhardt na 1987 a tsaunukan Alps na Ostiriya ya yi gargaɗin da ya kamata a riƙe: a tsirrai marasa itace, kason ganye bai sauya sosai da hawa ba, kara ne ya ragu, siraran saiwoyi suka ƙaru. Adadi guda na “saiwa bisa rassa” yana haɗiye wannan bayani gaba ɗaya.

Akwai kuma batun abin da ake kira saiwa. Rassan Salix da na Rhododendron sukan kwanta saboda nauyin dusar ƙanƙara, gansakuka da ƙasa su rufe su, su yi jijiya. Wanda ya yanke a daidai doron ƙasa zai saka tsohon kara cikin ma'aunin saiwa. Siraran saiwoyin da ba su kai kaurin milimita 2 ba, waɗanda su ne masu shan ruwa da sinadaran gina jiki, su ne kuma suka fi tsinkewa cikin duwatsu a lokacin tono da wanki. A Rhododendron sun yi siranta kamar gashi, suna aiki tare da fangas da ke ciro naitirojin daga ruɓaɓɓen ganye, don haka nauyinsu kaɗan ne amma aikinsu babba.

Kiwo da saran itacen girki ma suna sauya awon. Manomin ƙasar Hausa ya san sabara: ana sare ta kafin shuka, ta sake tohowa daga tsohon gindi, saman ɗan shekara guda, ƙasan ya daɗe. Haka itacen da yak ke yaga ko mutane ke sara zai nuna saiwa mai yawa ba don yanayi ba.

A ganin marubucin, ra'ayoyin biyu suna aiki a matakai daban: girman jiki ne ke tsayar da rabon itace, sanyi da ƙarancin naitirojin kuwa sun fi bayyana a siraran saiwoyi. Domin a gwada wannan, kowane samfuri yana buƙatar a raba shi huɗu, wato ganye, kara, saiwa mai kauri da siririya, a busar da kowanne har nauyinsa ya daina raguwa, a ƙirga zoben shekarun gindi, sannan a kwatanta itatuwa masu girma ɗaya daga gindin gangare zuwa samansa.