Daga Danja Zuwa Wayar Aljihunka: Tarihin Yaƙi Da Cunkoso

Shin ka san wayar da ke aljihunka tana cikin masu ƙirga cunkoson motoci? Bari mu faro daga tushe.

Danja ta farko an kafa ta ne a Landan a 1868, da iskar gas take aiki, ɗan sanda ke juya ta da hannu. Ba ta daɗe ba ta fashe ta ji masa rauni, aka cire ta. Ta lantarki sai 1914 a Cleveland ta Amurka. Amma ita danja ba ta da ido, ko titi wayam yake sai ta tsayar da kai.

A 1963 birnin Toronto na Kanada ya haɗa danjojinsa da kwamfuta. Ana binne waya cikin kwalta, mota na takawa ta aika saƙo, kwamfuta ta ƙara wa hannun da ya cika lokaci.

A gida kuwa, Kano ta kafa KAROTA a 2012, a 2013 aka hana acaɓa a cikin birni, Adaidaita Sahu suka cika tituna, aka yi ta gina gadojin sama irin ta Ƙofar Nassarawa. Sai dai har yau ƙarfin aikin yana hannun mutum mai tsayuwa cikin rana, don danja ba wuta ko batirin sola ya mutu, ai ƙarfe ce kawai.

To ina wayarka ta shigo? Google Maps tana karɓar bayani daga GPS na wayoyin da aka kunna musu lokeshan. In wayoyi da yawa suna jan ciki a titi ɗaya, sai ta shafa masa ja. Wani Bajamushe, Simon Weckert, ya loda wayoyi 99 a ɗan kura ya ja su a Berlin, taswirar ta nuna cunkoson da babu shi.

Mu nan Zuru, sai ranar kasuwa ko lokacin Uhola muke ganin cinkoso. Amma in tafiya ta kama ka Kano ko Sakkwato, musamman da marar lafiya a mota, duba taswira kafin ka shiga gari. Kore ka wuce, ja ka canza hanya. Kuma ka sani, kai ma ana ƙirga ka. In ba ka so, kashe lokeshan.

Allah ya tsare hanya.