Na'urar kama saƙon jiragen sama: me za ta iya ji a Sakaba?

Idan aka ja layi a taswira daga filin jirgin saman Abuja zuwa na Birnin Kebbi, zai ratsa kusa da Sakaba, a masarautar Zuru. Galibin jiragen fasinja na zamani da ke ƙetare irin wannan sarari suna tafe ne suna sanar da kansu. Kowanne yana ɗauke da wata na'ura mai suna transfonda, wadda ke amsa tambayar rada a kan zangon megahaz 1090. A sabon tsarin da ake kira ADS-B, jirgin ba ya jiran a tambaye shi. Yana samo matsayinsa daga tauraron ɗan'adam, sannan ya watsa shi kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, tare da tsayinsa da gudunsa da lambar tafiyarsa. Amurka ta wajabta tsarin a mafi yawan sararinta mai cunkoso tun 1 ga Janairu 2020.

Saƙon ba a kulle yake ba, kuma kama shi ba ya bukatar tsadadden kaya. A shekarar 2012 masu sha'awar rediyo suka tabbatar cewa wata 'yar na'urar kallon talabijin da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da ƙwayar RTL2832U, tana iya miƙa ɗanyen sigina ga kwamfutar, manhaja kuma ta yi aikin tacewa da fassarawa. Wannan shi ne rediyon da manhaja ke sarrafawa. A wannan shekarar ce wani ɗan Italiya, Salvatore Sanfilippo, ya rubuta manhajar dump1090, wadda ke mayar da sigina zuwa jirage a kan taswira. Eriyar kuwa, guntun waya mai tsawon kusan santimita 7 ya isa a fara da shi.

Kowane saƙo gajere ne ƙwarai, ɗigon bayani 112 cikin kashi 120 na miliyan na daƙiƙa ɗaya. A cikinsa akwai adireshin jirgin na dindindin, wanda ake bayarwa daga kason da hukumar ICAO ta ware wa kowace ƙasa. Da shi ake gane jirgin Najeriya, mai rajistar da ke farawa da 5N. Akwai kuma lambobin da matuƙi ke sakawa idan ta ɓaci: 7700 don gaggawa, 7600 idan rediyo ya mutu, 7500 idan an yi fashin jirgi.

Dubban masu irin wannan na'ura ne ke ciyar da shafuka kamar Flightradar24 na ƙasar Suwidin. Da sojojin Nijar suka rufe sararin ƙasarsu a ranar 6 ga Agusta 2023, a irin waɗannan shafuka jama'a suka ga jiragen Turai suna dogon zagaye kafin su isa kudu.

Sai dai a ƙasar Zuru tambayar da ta fi damun mutane daban ce. Yankin yana iyaka da Zamfara da Neja, ya sha fama da 'yan bindiga, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin jirage masu saukar ungulu da ke sauka a daji. A watan Maris 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. Shin na'urar da aka kafa a Dirin Daji za ta warware wannan zance? Da wuya.

Zangon 1090 yana tafiya ne miƙe kamar haske, ba ya lanƙwasa ya bi bayan dutse. Jirgin da ke ƙafa 35,000 ana iya jin sa daga nisan kilomita 300 zuwa 400, amma wanda ke tafiya ƙasa-ƙasa, tudu ɗaya ya isa ya ɓoye shi, ƙasar Zuru kuwa ba ta rasa duwatsu ba. Bayan haka, na'urar tana jin wanda ya yi magana ne kawai. Matuƙi na iya kashe transfonda, jiragen yaƙi kuma sau da yawa ba sa watsa matsayinsu. Tsohon jirgi marar ADS-B ana iya lissafo inda yake daga bambancin lokacin isowar saƙonsa, amma sai da na'urori aƙalla huɗu a wurare daban-daban. Kuma tun da saƙon ba shi da hatimin tabbatarwa, mai mugun nufi na iya ƙirƙiro jirgin ƙarya. Saboda haka hoton taswira da ake yaɗawa a WhatsApp ba hujja ba ce cewa jirgi ya zo, rashinsa a taswira ma ba hujja ba ce cewa bai zo ba.

Ganin jirgin da ya yi gum aikin babbar rada ne, wadda ke harba sigina ta jira ya dawo daga jikin jirgin. A shirin TRACON na hukumar NAMA, wanda aka ƙaddamar a 2010, irin wannan radar tana Legas da Abuja da Kano da Fatakwal. Tashar Talata Mafara, wadda ke kula da arewa maso yamma, ita ma amsar transfonda take dogara da ita.