Tsakanin Honda CB750 da Kawasaki Z1, Wa Ya Fi Wani?

Maƙalarmu ta wannan mako za ta leƙa ƙasar Japan ne, zamanin da kamfanoninta suka ƙwace kasuwar manyan babura daga hannun Ingila.

A 1969 Honda ta fara sayar da CB750, mai silinda huɗu, cc 736, ƙarfin doki wajen 67, yana taɓa kilomita 200 a awa. Ga birkin faifai a tayar gaba, ga maɓallin tayar da inji, a lokacin da masu Triumph da BSA ke fama da kik da yoyon mai. Wannan fitowa ta yi wa Kawasaki ba-zata, domin su ma suna cikin ƙera nasu mai cc 750. Sai suka jingine shi, suka koma suka ƙara wa injin girma. A 1972 suka fito da Z1: cc 903, doki 82, gudunsa ya haura kilomita 200.

In lissafin takarda za a bi, Z1 ya yi gaba, babu ja. Amma mu a ganinmu gudu a miƙaƙƙiyar hanya rabin labari ne. Injiniyoyin Japan na wancan lokaci sun ƙware a inji kafin su ƙware a gangar jikin babur. Ƙarfen da ke riƙe da injin siriri ne, tayoyi ba faɗi, birki bai kai ƙarfin injin ba. Shi ya sa Z1 kan yi rawa idan aka shiga kwana da gudu. Yayansa H1 Mach III na 1969 ya fi shi rashin ji: cc 500 kacal, silinda uku, irin injin nan mai ƙona fetur da man inji tare yana tuttula hayaƙi, amma doki 60. Da an murɗa masa sai tayar gaba ta ɗaga sama, har Turawa suka yi masa laƙabi da mai sa mata takaba. CB750 kuwa bai kai Z1 zafi ba, sai dai mai tsakaitacciyar ƙwarewa zai hau shi ya je ya dawo lafiya, gobe ma ya tashi da bugu ɗaya. Mu nan ne muka ba shi maki.

Ingila dai ba ta jure ba. Zuwa 1973 BSA ta durƙushe.

Wadda ta fara ɗinke ɓarakar sosai ita ce Suzuki. GS1000 na 1978 ya zo da jiki mai ƙwari daidai da ƙarfin injinsa, kuma a shekarar aka ci gasar awa takwas ta Suzuka, karo na farko da aka yi ta, a kan GS1000 da Yoshimura ya gyara.