Maganin goge ƙasa: wanne ne ke cutar da yara da dabbobin gida?

A yawancin gidajen manoma, daga Yako da Kwanar Dangora har Tudun Wada da Doguwa, ƙasar da yaro ke rarrafe a kai ita ce kaji ke tsattsaga, ita ce kuma mage ke kwanciya a kai. Duk abin da kuka zuba a ƙasan nan, to ku sani zai iya komawa baki. Yaro yana tsotsar hannu, mage tana lasar ƙafarta, kaza kuwa duk ruwan da ta gani a kwance sai ta sha.

Sabulu da ruwa sun wadatar a sharar yau da kullum. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ana buƙatarsa ne idan an yi amai ko gudawa a ɗaki, ko jini ya zuba, ko cuta ta shiga cikin kaji. Ƙamshi ba shi ne tsafta ba, duk da dai mata da yawa ba sa jin an wanke ɗaki sai sun ji warin Izal.

Hypo da Jik

Sinadarin da ke cikinsu kulorin ne, yawanci kashi 3.5 cikin 100, amma ku duba jikin kwalbar. A cikin magungunan nan, wannan ya fi sauƙin haɗari a gidan da ke da yara, muddin an sirka shi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 don goge ƙasa, wato awo 1 na magani a awo 34 na ruwa, kusan mililita 300 a bokiti mai lita 10. Ku fara share dattin ku wanke da sabulu, don kashin kaji da ƙura suna kashe ƙarfin kulorin. Sai a goga, a bar shi kamar minti 10, a ɗauraye da ruwa zalla. Kada yaro ko dabba su shiga sai ƙasan ta bushe. Wanda aka haɗa ya kwana ya rage ƙarfi, a zubar a haɗa sabo.

Babban haɗarinsa yana wajen gauraya shi da wani abu. In kun haɗa shi da maganin wanke masai mai asid irin Harpic, iskar kulorin ce ke tashi, mai ƙona ido da huhu. Ta fi iska nauyi, tana taruwa ƙasa-ƙasa, daidai inda hancin mai rarrafe yake. Haka nan in aka kwarara shi a kan fitsarin da ya taru a turke ko jiƙaƙƙen kashin kaji, wani tururi mai shaƙe numfashi ke tashi.

Izal da Dettol

Nan ne masu mage za su yi hattara. Izal da ire-irensa, waɗanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, daga dangin sinadarin fenol suke, shi ma Dettol yana da ɗan uwan wannan sinadari. Hantar mage ba ta iya sarrafa su ta fitar kamar yadda ta mutum ke yi, sai su taru a jikinta. Ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta lashe ƙafa, sai ku ga tana dalalar da miyau, baki ya yi gyambo, ta daina cin abinci. Magen da ke tsare muku buhunan masara daga ɓeraye ba ƙaramin aiki take yi ba, kada ku rasa ta a kan ƙamshi. Izal ɗin da ba a sirka ba yana ƙona fatar yaro da ƙafafun 'yan tsaki. In za ku wanke akurki da shi, ku fitar da kajin, ku kwashe mazubin ruwa da na abinci, ku bar wurin ya bushe ya sha iska.

Wannan duk a kan siminti ko tayil ne. Daɓen ƙasa kuwa shanye magani yake, ba ya ɗaurayuwa. Shara da yayyafin ruwa sun fi masa, inda ya ɓaci a kankare a fitar.

Sniper da fiya-fiya

Waɗannan ba maganin goge ƙasa ba ne ko kaɗan, amma ana ɗiga su a ruwan guga saboda kyankyasai, ƙuma da kuɗin cizo. Gubar da ke cikinsu, DDVP, maganin ƙwarin gona ce, tana shiga ta fata, ta numfashi, ta baki. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna saboda yawan mace-mace. Alamominta su ne miyau da gumi da hawaye, amai, ƙwayar ido ta tsuke, jiki na karkarwa, numfashi na sarƙewa. Haka take yi wa akuya da kare. Bokitin da kuka haɗa maganin feshi a ciki ma kada ya shigo aikin gida.

Ajiya da taimakon gaggawa

Yara sun fi shan guba daga kwalba fiye da daga ƙasa, musamman idan an juye magani ko kalanzir a robar lemo. A bar kowane magani a kwalbarsa, a sama, a kulle. Ruwan guga a zubar nan take inda dabba ba ta kaiwa, nesa da rijiya. Yaro mai koyon tafiya yana iya kifawa cikin bokiti ya nutse a ruwa kaɗan.

Idan yaro ya sha, kada ku sa shi amai, kada ku ɗura masa manja ko madara. Abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙonawa wajen fita, amai kuma yana iya faɗawa huhu. Ku goge masa baki, ku tuɓe kayan da maganin ya taɓa, ku wanke fata da sabulu. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Ku tafi asibiti mafi kusa da kwalbar a hannu, don gubar Sniper tana da allurarta, atrofin, kuma sai likita ya san abin da aka sha zai ba da ita. Dabba kuma a wanke mata ƙafafu da gashi, a hana ta lasa, a kira malamin dabbobi.