Tarihin Shari'ar Ciyar da 'Ya'ya da ta Fyaɗe a Karkarar Kano

Wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Dambatta ko ta Bichi, abin da zai fara lura da shi shi ne babu daji. Gona na bin gona, gida na hangen gida, tun daga Ungogo har Minjibir, har Dawakin Tofa. Tun kaka da kakanni ƙasar nan ba ta san hutu ba, sai dai a ɗebo taki daga birni a zuba mata, kowace damina a noma. In magidanci ya rasu aka raba gonarsa ga magada, sau da yawa rabon mutum ba ya kai shi wata kaka. Don haka da rani maza su tafi cin rani, mata su zauna a kulle suna sana'a, 'yan mata su ɗauki talla. A irin wannan ƙasa, maganar wanda zai ci da yaro in aure ya mutu ba ƙaramar magana ba ce.

Tun kafin zuwan Turawa alƙalan Kano da littattafan mazhabar Malikiyya suke hukunci, watau Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa. Littattafan nan ba su bar wannan magana cikin duhu ba. Ci da sha da tufa da makwancin yaro a wuyan ubansa suke, gwargwadon halinsa. Namiji har ya balaga ya iya neman na kansa, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Uwa ba a ɗora mata ko ƙwaya, ko da tana da wadata. Wadda aka saka da ciki sai an ci da ita har ta haihu, in kuwa igiya ta yanke sarai tana da ladan shayarwa. Riƙon yaro kuma na uwa ne. In ta sake aure ya koma wa uwarta, watau kakar yaro, sa'an nan sauran danginta mata, tun ba a zo kan uba ba.

To, wannan ke nan a littafi. Amma a ƙauye al'ada ta fi littafi ƙarfin murya. Da an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauke shi, ya ba uwarsa ko 'yar'uwarsa, ko ya jefa shi ɗakin kishiya, mutane su ce ai ɗa na uba ne. Matar da ta nace ta riƙe ɗanta, sai a ce to, ta ci da abinta. In ta tafi da shi gidan sabon miji ya zama agola, ya ci abinci ana ƙirga masa loma. Abin mamaki, har malaman da suka karance Risala sukan yi haka cikin gidajensu ba su ga laifi ba. Ita kuwa matar, yawanci ba ta ma san shari'a ta ba ta wani abu ba, balle ta nema.

Game da fyaɗe ma littattafan sun yi bayani. Wadda aka tilasta ba ta da laifi, ba ta da haddi. Wanda ya tilasta ta shi ke shan haddi, kuma ya biya ta sadaki irin na tsararrakinta. Sai dai tabbatar da abin yana da wuya ƙwarai. Ana bukatar shaidu huɗu, ko shi mai laifin ya amsa da bakinsa. Ga kuma wani abu da Malikiyya ta keɓanta da shi: cikin da ya bayyana ga wadda ba ta da miji shaida ne a kanta. In ta ce tilasta ta aka yi, ba a gaskata ta sai in an san ta yi kururuwa a lokacin, ko ta zo da jini tana neman taimako, ko wasu sun ga an ja ta. In ta ambaci mutumin da aka sani da kirki ba ta da shaida, tana iya shan bulala 80 ta ƙazafi. Watau shari'a na so yarinya ta yi ihu tun da zafinsa, kunya kuwa da iyaye suna ce mata ta yi shiru kada ta rasa miji. Tsakanin waɗannan biyu ƙararraki da yawa suka mutu tun a zauren mai unguwa.

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai dai suka hana yanke hannu da jefewa, suka ce a riƙa rubuta shari'u cikin littafi. Rijistar majalisar shari'a ta Sarki Abbas ta 1913 da 1914 tana nan da Larabci, har wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wasu daga ciki ya buga cikin 1994. Babban canjin da ya shafi mutanen karkara shi ne da aka fitar da hakimai daga birni su zauna cikin ƙasashensu, Madaki a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Dambatta, aka kuma kafa alƙalai a gundumomi. Mace ta sami inda za ta je da ƙafa ta dawo. Amma fa kafin ta kai gaban alƙali sai ta wuce mai unguwa da dagaci, su kuwa aikinsu a sulhunta a rufa asiri. Cikin 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano da malamai daga Sudan, don a sami alƙalai da muhutai masu ilmi.

Da mulkin kai ya gabato sai magana ta soma fitowa fili. Cikin 1956 Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai na Kano, ya yi rubuce-rubuce a Gaskiya Ta Fi Kwabo kan matsayin mata cikin Musulunci, yana nuna abubuwa da yawa da ake yi musu al'ada ce kurum. Ya sha suka ba kaɗan ba. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, daga shawararsu aka shirya dokar Final Kod wadda ta fara aiki cikin 1960. Nan aka raba shari'a gida biyu. Aure da saki da gado da riƙon 'ya'ya suka zauna hannun alƙali bisa Malikiyya. Fyaɗe ya koma sashe na 282 na sabuwar doka, inda ba a neman shaidu huɗu, kuma yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba ba a duba yardarta ko kaɗan. Amma dokar ta ware matar mutum, muddin ta balaga. A wannan shekara kuma tsarin mulkin Nijeriya ya zo da babi na 'yancin ɗan Adam, bisa shawarar kwamitin Willink, shekara 12 bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar nata cikin 1948.

Wannan gyara ne babu shakka, amma ya zo da tasa wahala. Ƙarar fyaɗe ta zama ta 'yan sanda da likita da lauyan Gwamnati, abubuwan da duk a birni suke. Uban yarinya ya bar gona tsakiyar damina, ya biya kuɗin mota, a ɗaga shari'a, ya koma, a sake ɗagawa. Talaka ba ya jure wannan, ya gwammace a ba shi kuɗin magani a kashe magana. Cikin 1968, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano, soja suka karɓe kotuna daga hannun En'e suka mai da su na Gwamnati. Hannun sarakuna ya fita, nisan kuwa bai ragu ba.

Cikin 2000 jihohin Arewa suka komo da shari'ar Musulunci kan laifuffuka, Kano na cikinsu, sai tsohuwar matsalar ciki da shaida ta sake tasowa. A Tsafe ta Jihar Zamfara wata yarinya ta ce maza uku suka tilasta ta, suka musa, ta rasa shaidu, aka yi mata bulala 100 cikin Janairu 2001. A Katsina an yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa cikin 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta sake ta cikin Satumba 2003. Abin lura, da hujjojin Malikiyya aka kuɓutar da ita, har da maganar kwantacce, watau cikin da kan kwanta shekaru a jingina shi ga tsohon miji. Masu cewa 'yancin ɗan Adam baƙon abu ne, da masu cewa shari'a ce ke danne mata, duk wannan hukunci ya ba su abin tunani.

Kano ta ƙara tsananta hukuncin fyaɗe cikin 2014, daga ɗaurin shekara 14 har zuwa rai da rai. A shekarar kuma aka gurfanar da wata amarya 'yar shekara 14 gaban Babbar Kotu a Gezawa, ana tuhumarta da sa wa mijinta guba, duniya ta yi ca, har Gwamnati ta janye ƙarar cikin 2015. Cikin 2017, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Isa Wali, Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya ce ana shirya dokar iyali da za ta tsare haƙƙin mata da 'ya'ya, ta hana mai ƙaramin ƙarfi tara matan da ba zai iya ci da su ba. Har aka sauke shi cikin 2020 ba ta zama doka ba. Dokar 'yancin yara ta Tarayya tun 2003 aka yi ta, Kano ba ta sa hannu kan tata ba sai cikin Mayu 2023.

Littattafai sun raba ciyarwa da fyaɗe, kowanne da babinsa, kotuna ma sun raba su, amma a ƙauye igiya ɗaya ce. Uban da ya ƙi aiko da hatsi shi ya ɗora wa 'yarsa farantin talla, don da ribar ƙosai da ƙuli-ƙuli uwarta ke ci da ita. Tallar kuma ita ke kai ta tasha da kangon gini da zauren samari bayan magariba. In abin ya auku har ta sami ciki, sai a iske wani gurbi wanda gyare-gyaren nan duka ba su cike ba. A Malikiyya ɗan da aka haifa ba da aure ba ba a jingina shi ga namijin, saboda haka babu nafaƙa a kansa, babu gado. Kotun Gwamnati ta ɗaure mai laifi, in an same shi, alƙali kuma ba shi da uban da zai yanka wa kuɗin abinci. Malamai sun ce yaron da ba shi da mai ci da shi nauyinsa na kan Baitulmali. A karkarar Kano, yawanci kakarsa ta wajen uwa ita ke goya shi.