Badagry: garin bakin teku da sawun mutanenmu ke ciki

Babu makon da zai wuce tireloli ba su tashi daga kasuwar shanu ta Potiskum sun nufi Legas ba. Direbobinmu da yaran mota da dillalai sun san Alaba Rago kamar yadda suka san Hausari, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa miƙewa da wannan titin har ƙarshensa. Titin da ya wuce ta gaban Alaba Rago shi ne ya bi ta Okokomaiko da Agbara ya kai Badagry, garin da ke bakin ruwa kafin a isa iyakar Seme ta Jamhuriyar Benin. Mutanen Legas suna zuwa can hutun ƙarshen mako, su sha ruwan kwakwa, su zauna a bakin teku. Mu kuwa muna da wani dalili na daban na zuwa, domin garin yana riƙe da wani yanki na tarihinmu wanda ba a cika karantar da shi a makarantunmu ba.

Asalin mazauna garin mutanen Ogu ne, waɗanda ake ce wa Egun, kuma sarautarsu sunanta Akran. Garin yana kan gaɓar wani dogon tafki da ya yi layi ɗaya da teku, tsakaninsu akwai siririn tsibiri na rairayi da itatuwan kwakwa. Wannan tafkin ne ya ba garin daraja. Kwalekwale yana iya tasowa daga Porto Novo ya biyo ta Badagry ya shiga Legas ba tare da ya fuskanci igiyar teku ba. A ƙarni na 18 garin ya zama ɗaya daga cikin tashoshin da daular Oyo ke fitar da bayi zuwa jiragen Turawa, kuma a cikin bayin da Oyo ke turowa akwai Hausawa da Nufawa da Barebari da aka sayo daga arewa.

Misali mafi kusa da mu shi ne Ali Eisami, Babarbare ɗan malami daga yankin Gazir, kusa da Birnin Gazargamu wanda kufansa ke cikin Jihar Yobe a yau. Bayan faɗuwar birnin a 1808 ƙasar ta rikice, aka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, ta Kano da Katsina da Yawuri da Borgu, har ya isa ƙasar Yarbawa. Da tawayen Afonja ya tashi a Ilori a 1817, bayin arewa suka riƙa gudu suna shiga yaƙin, sai ubangidansa ya ji tsoron shi ma zai gudu, ya kai shi bakin teku ya sayar. A Porto Novo aka sa shi a jirgi, garin da ke kan tafki ɗaya da Badagry. Sojojin ruwan Birtaniya suka tare jirgin suka sauke su a Saliyo a 1818. A can ya tsufa, kuma daga bakinsa wani Bajamushe mai suna Koelle ya tattara abin da ya rubuta nahawun Barbarci da shi, aka buga a 1854. Ali Eisami ya samu wanda ya rubuta labarinsa. Dubbai sun bi wannan hanyar ba a san ko sunayensu ba.

Waɗanda jiragensu suka tsallake, da yawa Bahiya aka kai su, a ƙasar Birazil. Can ma ba su zauna shiru ba. Hausawa ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807, kuma suna kan gaba a na 1809 da na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka tashi a birnin Salbado, mafi yawansu Yarbawa tare da wasu Hausawa, kuma da aka murƙushe su an samu layu da takardun rubutun Larabci a jikinsu. Abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu a nan shi ne, ba Bature ne ya shigo har Katsina ko Borno ya kamo waɗannan mutane ba. Yaƙe-yaƙenmu ne suka samar da su, fatakenmu ne suka kora su kudu, Bature ya jira a bakin ruwa da bindiga da giya da yadi.

To, me mutum zai gani idan ya je? Yawancin wuraren suna jere a titin bakin tafki da ake kira Marina, ana iya zagaya su da ƙafa. Mu dai a ganinmu a fara da gidan Seriki Abass. Shi wannan mutumin Bayarabe ne da aka kama yana yaro, ya yi bauta a hannun wani malami mai suna Abass a Dahomey, aka sayar da shi ga wani ɗan kasuwa mai suna Williams wanda ya tafi da shi Birazil. Ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi, ya yi arziki, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ɗin nan ba wata ba ce illa Sarki tamu, ta shiga bakin Yarbawa. A gidansa akwai kurkukun bayi mai ɗakuna 40 da aka gina a shekarun 1840, kuma an bar wasu a yadda suke. Ɗaki ne ƙarami, tagarsa ba ta wuce rami a can sama ba. Masu zagayawa da baƙi za su ce maka mutum arba'in ake cusawa a kowanne. Ko da rabin haka ne, wanda ya shiga ya rufe ƙofa na minti ɗaya zai fito da gumi.

Kusa da nan akwai ɗan gidan tarihi na zuriyar Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari da ƙarafan da ake ɗaure wuya da baki. Suna barin baƙo ya ɗaga sarƙar ya ji nauyinta. Akwai kuma babban gidan tarihi na gwamnati a tsohon ofishin D.O. wanda aka gina a 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Birtaniya. A wannan shekarar ce kuma John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas, mafi yawansu tsofaffin bayi, ya ba su bindiga, kuma daga wannan ƙaramar runduna sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa.

Za a kuma kai ka wani bene na 'yan mishan da aka gama a 1845, a ce maka shi ne bene na farko a Najeriya. Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma tsohon bawa ne kuma ya fassara Baibul zuwa Yarbanci, ya zauna a ciki. Ginin ya cancanci a gani, amma maganar na farko ɗin nan sai a yi mata gyara: wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Kano ya san an daɗe ana hawa bene a ƙasar nan kafin 1845. Bene na farko irin na Turawa, wannan ba mu musa ba. Ba nisa da shi akwai alamar da aka kafa a gurbin itaciyar Agia, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a watan Satumban 1842. Itaciyar ta faɗi a 1959.

Akwai wani zaren da ya haɗa garin da Sakkwato kai tsaye. Hugh Clapperton, wanda a tafiyarsa ta farko ya taso daga Borno ya bi ta Katagum ya shiga Kano a 1824, da ya dawo karo na biyu ta Badagry ya shigo, ya kama hanya a watan Disamban 1825. Tafintansa Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, shi ma an taɓa sayar da shi a bakin teku aka ƙwato shi daga jirgi. Clapperton ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a can a watan Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagry da takardunsa, sai 'yan Fotugal masu cinikin bayi suka ce ɗan leƙen asiri ne. Aka ba shi guba ya sha a gaban jama'a don a gane gaskiyarsa. Ya shanye, ya koma masauki ya amayar, ya rayu.

Sai tsallaken ruwa. Daga Marina ake shiga kwalekwale mai inji zuwa tsibirin Gberefu, tafiyar 'yan mintoci ce. Daga nan a taka cikin rairayi zuwa teku, ta hanyar da ake cewa ita bayi ke bi. A tsakiya akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa an yi mata asiri, duk bawan da ya sha ruwanta sai ya manta gida. Wannan zancen baka ne, kowa ya auna shi da hankalinsa. A ƙarshen hanyar ne wurin da suke kira Point of No Return, wato inda ba a komowa. Babu komai a gabanka sai ruwa har iyakar ganinka. Ga mutumin da ya tashi a Potiskum, wanda babban ruwan da ya sani bai wuce kogin Gongola ko Komadugu ba, ganin teku kaɗai ya isa abin tafiya.

Wanda ya je da iyali yana iya ƙarasa yininsa a bakin tekun Suntan da ke kan hanyar Seme, ko wurin shaƙatawa na Whispering Palms a Iworo, ya biya kasuwar Agbalata ya sayi kwakwa da busasshen kifi na tsaraba. Masallatai suna nan cikin gari, kuma ba a rasa 'yan uwanmu masu shayi da masu nama da za su nuna hanya. A watan Agusta ake bikin garin, lokacin an fi cika.

Shawara biyu ga masu niyya. A fita da sassafe, domin cunkoson titin Badagry ba ya da tabbas, kuma a riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro da ke yawaita idan an doshi iyaka. Na biyu, igiyar tekun nan tana da ƙarfi, tana janye mutum daga ƙasa. Iyon kududdufi ba ya aiki a wurin, don haka a riƙe hannun yara, kuma a nemi rigar ruwa kafin a shiga kwalekwalen Gberefu.