Jiragen Yaƙin Hitila: Ina Suka Shiga?

Ranar nan ina zaune a ƙofar gida a unguwarmu ta Television, sai wani jirgin soja ya gifta, na tuna malaminmu na tarihi da ya gaya mana cewa Kano ta ga jiragen yaƙin Hitila da idonta. A lokacin mun ɗauka zuƙi ta malle ce. Allah ya huci zuciyar Malam, gaskiyarsa ce.

Daga watan Satumba na 1940, Turawan Ingila suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, su harhaɗa su, su taso ta Ikko, Kano, Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Kafin ƙarshen 1943 sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Jirgin Blenheim ke jan gora, ƙananan Hurricane na biye da shi kamar 'yan tsaki.

To, ina suke yanzu? An ƙera Blenheim sama da 4,000, amma guda ɗaya tak ke iya tashi, wanda aka farfaɗo da shi a Duxford ta Ingila a 2014. Shi ma albarkacin Kanada ya ci, inda bayan yaƙi manoma suka sayi irinsa da araha don su riƙa cire ƙarafa da tayoyi, gangar jikin kuwa suka yar a bayan gona. Hurricane an yi fiye da 14,000, masu tashi yau ba su kai 20 ba. Tun ana cikin yaƙi aka samu waɗanda suka fi su gudu, saboda haka da ƙura ta lafa sai aka farfasa su aka narke.

Dakota kuwa, wanda bai da wani suna a fagen fama, shi ya yi tsawon rai. Amurka ta ƙera sama da 10,000 don jigilar soja, da aka gama sai kamfanoni suka yi rububinsu, aka jera kujeru, suka koma ɗaukar fasinja. Jirgin da ke kawo kuɗi ba a rasa masa makaniki da kayan gyara. A ganina nan gizo ke saƙar, ba wajen yawa ko jarunta ba. Kamfanin Nigeria Airways ya yi aiki da shi, sojan samanmu ma sun ɗauko shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har ya jefa bama-bamai, aikin da ba don shi aka yi shi ba.